Na Yi Jinyar Uwata Daga Bayan Taga

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Chinade ya san abin da hakan ke nufi. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so a miƙo mini abu sai ta ce, "A ba waccan." In na durƙusa na gaishe ta, ƙwaryar da ke gabanta take kallo ta amsa. Ana yaye ni aka ba goggona, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Azare, ita ta riƙe ni, ta sa ni makaranta har na zama malama, ita kuma ta aurar da ni. Na tashi ina kiran uwata Adda, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Mutanenmu Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya suka kama noma. Shanun sun ragu, kunyar ɗan fari kuwa tana nan yadda kakanni suka bar ta.

Ba ƙina take yi ba, wannan na sani. Duk damina sai mai mashin ya tsaya a ƙofar gidana ya miƙo kwanon man shanu, ba saƙo ba gaisuwa, kuma na san hannun da ya kaɗa shi. Amma na ga yadda take zama da autarmu, suna tsifar kai suna hira har da shewa, ni kuwa ina shigowa hirar ke mutuwa. Mutane suna yabon wannan, suna cewa ta cika mace. Ni ban taɓa yabonsa ba. Na girma, na yi aure, na haifi nawa, ina jin haushinsa ina haɗiyewa, don ba wanda za ka kai wa ƙarar uwarka a kan ta ji kunyarka bai yi maka dariya ba.

A nono ciwon ya fara mata. Ta ɓoye shi, ba wanda ya san tsawon lokacin. Matar ƙanena ce ta gano, da wari ya fara fitowa daga ɗakin. Tsofaffin ƙauye suka ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura, ana taɓa shi da ƙarfe sai ya fantsama. Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Sai da ta kasa tashi daga tabarma sannan ƙannena maza suka sako ta a mota suka kawo ta asibiti a Azare, cikin tsananin zafin bazara. Likita ya duba, aka yi hoto, aka ɗebi tsoka aka auna. Ya kira mu ya ce abin ya wuce aiki, ya riga ya shiga ƙashin baya. Abin da ya rage shi ne a riƙa tsabtace gyambon, a kuma rage mata zafi har zuwa lokacin da Allah ya nufa.

Sai maganar wadda za ta zauna da ita. Maza ba sa kwana a ɗakin mata. Autarmu tana jego a Dambam. Matar ƙanen nawa ga yara ga tsohon ciki. Goggo ta riga mu gidan gaskiya. Ba sai an faɗa ba, ni ce. Na ɗauki hutu a makaranta, na naɗe tabarma, na ɗauki buta da filas. Kuma bari in faɗi gaskiya, a cikin baƙin cikin nan akwai murna a raina. Na ce yanzu dai ba ta da yadda za ta yi, dole ta bari in taɓa ta. Abin da nake so ke nan, in yi jinyar uwata da hannuna kafin ta tafi.

Ɗakin dogo ne, gadaje jere hagu da dama, fanka tana juyawa in akwai wuta. Waɗanda ciwonsu ya yi nisa irin na Adda ana kai su can ƙurya, kusa da taga, saboda wari. Mu masu jinya muna shimfiɗa a ƙasa tsakanin gadaje ko a baranda. Likita yana zuwa zagaye da safe, nas-nas suna ba da magani suna wanke gyambo. Duk sauran abin da ya rage, kuma shi ne mafi yawa, yana hannun matan da ake kira atanda. Su ke shara da goge ƙasa, su ke kwashe fo, wato tasar bahaya da fitsari, su ke sauya zanin gado. Su ke tura mara lafiya a keke zuwa ɗakin hoto, su riƙe wa nas tasa in ana wankin gyambo. In wata ta cika, su ne ke lulluɓe ta su tura ta waje.

Babbarsu a ɗakinmu wata 'yar Gamawa ce, gajera, mai jiki, ta haura hamsin, goro ya rine mata haƙora. Kowa Iya yake ce mata, har likitoci. Ba waliyiya ba ce. Tana da baki, in ta kama mai jinya ta zubar da ruwan wanke-wanke a baranda sai ta yi mata tas a gaban kowa, kuma ba ta ƙin ragowar abincin da 'yan dubiya suka kawo. Tana jin Fillanci kamar a ruga aka haife ta.

Washegarin da aka kwantar da mu na dafa ruwa na surka, na kawo a roba da sabulu da tsumma mai laushi. Wanka aikin mai jinya ne, kowace a ɗakin ita ke yi wa tata. Na ja labule na ce, "Adda, ga ruwa." Ta ja zani har wuya, ta juya fuska bango, juyin da na ga ya sa ta gumi. Ta ce wa bangon, "A ajiye."

Na ce, "Ba kya iya tashi, Adda. Ni zan yi miki."

"A ajiye," ta sake cewa.

Iya tana goge ƙarƙashin gadon da ke kusa da mu. Ta dogara da sandar, ta kalle ni, ta kalli Adda, ta ce, "Malama, ke ce ta fari?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "To ƙannen naki ba su da hankali ne, ko sun manta gidan da suka fito?" Ta je ta wanke hannu, ta karɓi robar daga hannuna, ta yi wa Adda magana da Fillanci a hankali. Sannan ta ce mini, "Tsaya bayan labule, in ina son abu zan kira ki." Na tsaya a bayan labule ina jin ƙarar ruwa. Ba a kira ni ba.

Haka muka zauna. Ni ke dama kunu, amma in na miƙa mata kofi ba ta karɓa, sai na ajiye a kan durowa na ba da baya. Da hannunta ya fara rawa, kunun yana zuba a zani, Iya ta riƙa ba ta da cokali. Da abin da Iya ke aika ni in nemo na san abin da ake yi wa uwata. Man kaɗanya, don a shafa mata a baya da diddige kada kwanciya ta ci mata fata. Ƙaramin matashi, a sa mata tsakanin gwiwoyi. Gawayi a gwangwani, a tura ƙarƙashin gado ya sha wari. Ni ke wankin zannuwan da jini da ruwan gyambo suka ɓata, a famfon da ke bayan ɗakin, Iya ke cire su daga jikinta ta miƙo mini ta ƙarƙashin labule. Na san warin ciwon fiye da kowa, amma ban taɓa ganinsa ba.

Ranar da Iya ke hutu babu wanka. Sauran atanda suna da nasu aikin, kuma suna da gaskiya in sun ce wadda ke da mai jinya ba a wuyansu take ba. Adda ta gwammace ta wuni cikin ɓacin jikinta, ƙudaje na bin labule, da in ɗaga mata zani. Na roƙe ta, na lallashe ta, wata rana har na yi mata faɗa na ce wannan ba addini ba ne, ba inda Allah ya ce uwa ta guji 'yarta. Ta rufe ido kamar mai barci. Matar da ke jinyar gadon kusa ta ce in ji tsoron Allah, ba a yi wa mara lafiya tsawa.

Kishin Iya ya kama ni, ba zan ɓoye ba. In ina shanya sai in jiyo muryar Adda ta taga tana zuba Fillanci, labarin shanun babanta, labarin wata shekara da ruwa ya cinye musu gero, abubuwan da ban taɓa ji ba. Har dariyarta na taɓa jiyowa. Ina shigowa sai tsit. Wata rana na ga Iya ta ajiye fo ta zo ta ɗauki cokali, na tambaye ta cikin gatse ko ta wanke hannun. Ta ɗaga hannayen ta nuna mini, duk maganin goge ƙasa ya tsattsaga su. Ta ce, "Malama, hannun nan ya fi naki ganin sabulu. In kina da wani hannun da za ta karɓa, kawo shi in huta." Na kwana biyu ban gaishe ta ba, ita ma ba ta nemi gaisuwar ba.

Wuri ɗaya ne ba wanda ya isa ya ture ni, shi ne zagayen likita. Da na ji motsinsu sai in gyara lulluɓi in tsaya a bakin gadon, tambayoyina a baki. A nan ne nake jin ni ma 'ya ce. Likitan mutum ne mai ladabi, kullum sai ya sunkuya ya ce, "Mama, yaya zafin ciwon?" Kullum Adda sai ta ce, "Da sauƙi. An gode Allah." Ya ce, "Ba ya hana ki barci?" Ta ce, "Da sauƙi." Ya juyo wurina, ni kuma in ce gaskiya ba na jin tana nishi. Sai ya rubuta ƙwayoyin da ake ba mai ciwon jiki, su wuce gado na gaba.

Akwai wani magani na ruwa, mai ƙarfi, da ake ajiyewa a kulle, nas ce kawai ke aunawa ta ba wadda ciwo ya ci ƙarfinta. Matar gadon kusa da mu ana ba ta, don ita in abin ya motsa har baranda ake jin ta. Adda kuwa ɗakin gaba ɗaya yabonta ake yi. 'Yan dubiya su ce Allah ya yi mata sassauci, nas-nas su ce ba su taɓa ganin mai dauriya irinta ba. Ni ma na yarda. Ina ganin gumi yana tsiyaya a goshinta, amma bazara ce, kowa gumi yake yi. Ina ganin ta riƙe ƙarfen gado, na ɗauka jiri ne. Mun fi wata a haka.

Wata rana da azahar ina durƙushe a bakin famfo sai ga Iya da wani tsohon ɗankwalin Adda a hannu. Ba ya cikin kayan da take miƙo mini, ashe ita ke wanke shi da kanta. Ta tsuguna ta buɗe mini shi. Duk ya huhhuje, zaren ya tsittsinke, ga jini a wajen.

Na ce, "Ɓera ne?"

Ta ce, "Haƙori ne. In kin ga ta juya bango ta ja zani, shi ne a bakinta." Ta juya shi a hannu. "Malama, uwarki ba ta da sauƙi. Ba ta taɓa samun sauƙi ba tun da aka kawo ta. In na juya ta, fitsari ke kufce mata don azaba. In kin tafi kasuwa ko kin leƙa yaranki, nishi take yi kamar mai naƙuda, har ta ɗan samu sa'ida. Tana jin tafiyarki daga baranda sai ta haɗiye."

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun wankan farko."

Na miƙe tsaye. Ban san sanda muryata ta tashi ba. Na ce mata ta fi wata tana kallon mace tana cin wuta, ta san inda maganin yake, ta san mai mabuɗin, ta yi shiru tana cin goronta. Na gaya mata maganganun da ba a gaya wa sa'ar uwa. Ta bar ni har na gaji.

Ta ce, "Amana ta ba ni. Ta ce kada waccan ta sani. Na faɗa wa sista, babbar nas, a gefe, sista ta faɗa wa likita, likita ya tambaye ta kina tsaye, kin ji abin da ta ce. Ba a ba wanda ya ce ba ya jin ciwo wannan maganin, kuma maganar mai shara ba ta wuce ta mai ciwon ba. Saura in faɗa miki, shi ne na kasa." Ta share fuska da gefen ɗankwalinta. "Ni ma ina da na fari, yana nan yana sayar da taya a tasha. In ni ce a gadon nan, haka zan yi. Shi ya sa na ga kamar daidai take yi, na biye mata. Yau da safe na ga haƙorinta ɗaya ya karye, na ce to ya isa."

Har yau in na tuna wannan watan raina ɓaci yake yi, kuma ban san wa zan riƙe da shi ba. Mu uku ne, kowace tana ganin abin da ya dace take yi. Ita tana jin kunya, Iya tana riƙon amana, ni ina tsaye a bakin gadon uwata yadda aka ce 'ya ta gari ta tsaya.

Na ce to yanzu me za a yi. Ta ce, "Ki fita. Gobe kafin likita ya zo ki nemi dalili ki fita, ki faɗa da ƙarfi ta ji. Kada ki nuna mata kin sani. In ta gane na ci amanarta ni ma za ta juya mini baya, sai a rasa mai yi mata wanka."

Na ce, "Wato abin da zan yi wa uwata ke nan, in bar mata wuri."

Ta ce, "Ni dai shi na gani. In kin ga wani, faɗa mini."

Washegari na yafa mayafi, na tsaya a bakin labule na ce hedimasta ya aiko ana nemana a makaranta, sai azahar zan dawo. Adda ta ce wa bango, "A dawo lafiya." Na taka da ƙarfi har ƙarshen baranda, sannan na zagaya ta bayan ginin. A ƙarƙashin tagarta akwai dakalin siminti da magudanar ruwa, ga bishiyar maina a gefe. Na zauna a dakalin na jingina da bango. Tsakanin bayana da kanta bai wuce kaurin bulo ba.

Na ji zuwan likita, na ji tambayarsa ta kullum. Sai muryar Iya, wadda ba huruminta ba ne ta sa baki a zagaye, ta ce da Fillanci, "Ta tafi, ba ta nan. Faɗa masa." Sai uwata ta fara magana. Ina jin Fillanci duk da bakina ya fi sabawa da Hausa, don haka sau biyu na ji komai, daga bakinta, da kuma daga bakin Iya da ke fassara wa likita. Ta ce kamar ana zuba mata garwashi a ƙashin baya. Ta ce ta manta rabonta da barci, rufe ido kawai take yi. Ta ce tana roƙon Allah ya ɗauke ta, sai kuma ta ji tsoron roƙon ta yi istigfari. A ƙarshe ta ce, "In akwai abin da za a ba ni, a ba ni kafin ta dawo."

Na toshe bakina da mayafi. Wani dattijo da ke share ganye a bayan ginin ya kalle ni ya kau da kai, don a wurin nan ba a tambayar mai kuka dalili. Da azahar na shiga na tarar tana barci, baki buɗe, hannunta ya saki ƙarfen gado yana lilo. Ban taɓa ganin fuskarta a sake haka ba. Na tsaya ina kallonta har ƙafata ta gaji.

Daga nan dakalin ya zama wurina da rana, kwana kuma a baranda. Kullum da sabuwar ƙarya, yau makaranta, gobe kasuwa, jibi yaro ba lafiya ko sunan maƙwabciya. Ko Adda ta gane ko ba ta gane ba, ba ta taɓa tambaya ba. Maganin yana aiki, amma yakan sake ta kafin lokacin na gaba ya yi, kuma a wannan tsakanin tana bukatar ta yi nishinta ba 'yar fari a kanta. Ni da Iya muka tsara aiki ba tare da mun zauna mun tsara ba. In Iya tana son ruwan zafi sai ta ƙwanƙwasa ƙarfen taga da cokali, in zagayo in ajiye a bakin labule. In Adda ta yi barci mai nauyi sai ta leƙo ta ɗaga mini gira, in shigo in zauna, in kore ƙuda, in fita da ta fara motsi. Sababbin masu jinya suna gulmata, wai ga malamar da ta bar uwarta a hannun mai shara tana shan iska a gindin bishiya. Ɗaya ta faɗa a gabana, na ba ta amsar da ba ta sake ba.

Ba Adda kaɗai ke gaban Iya ba, ɗakin gaba ɗaya ne. Matar gadon kusa da mu ta cika da hantsi, Iya ta lulluɓe ta, ta wanke katifar roba ta shanya, kafin la'asar an kawo wata. Ina ganin yadda take dafa ƙugu in ta ɗago daga sunkuyo. Don ta samu lokacin zama da Adda, sai na riƙa ɗaukar mata bokiti, ina wanke fo na matan da ban san daga ina suke ba. Sista ta gani ta kau da kai. Iya kuwa ba ta fasa tsiyarta ba, ta ce in aikin koyarwa ya ƙi ni in zo, ta ga ina da hannu, saurin fushin ne kawai zai sa a kore ni.

Autarmu ta zo da ta gama jego, amma ba a barin jariri ya kwana a ɗakin, wuni ta yi ta koma. Ranar ina dakali na ji Adda ta ce mata ta matsa mata ƙafa, na ji tana gaya mata inda ya fi zafi, na ji sun yi kuka tare. Da autar ta fito ta same ni, ta ce, "Yaya, ai ƙoƙarinki take ta faɗa." Na san ba ta faɗa ba. Na karɓi jaririn na yi masa wasa don kada in ce wani abu.

Hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas a makon da ta daina karɓar kunu. Ranar ƙarshe Iya aikin safe take, da azahar ya kamata ta tashi. La'asar ta yi ban ga fitarta ba. Sai ta leƙo ta taga ta ce a hankali, "Malama, numfashin ya sauya. Sista ta gani, ta ce a kira mazan, an kira."

Na ce, "In shigo?"

Ta ce, "Ban ce ki shigo ba, ban ce kada ki shigo ba. Uwarki ce."

Na zagaya, na ɗaga labule kaɗan. Iya tana zaune a kan gadon, abin da aka hana su, kan Adda a cinyarta, tana ɗiga mata ruwa a leɓe da auduga. An sassauta zanin saboda numfashi, ƙirjin a buɗe, bandejin ya jiƙe sharkaf. Adda tana nishi da dukan abin da ya rage mata, tana kiran innarta da ta rasu tun ban san kaina ba. Na matsa kusa. Na ce a raina yanzu kam ba ta san wanda ke kanta ba, zan kama hannunta.

Ta buɗe ido ta gan ni. Nishin ya tsaya cak. Na ga ta danne leɓe, jijiyoyin wuyanta sun ɗaure, sai hannun nan da ya daɗe bai iya ɗaga cokali ba ya fara lalube a kan katifa. Na ɗauka ni take nema, na miƙa nawa. Bakin zani take nema. Ta kama shi tana ja zuwa ƙirjinta, ba ya zuwa, tana ja.

Na kama zanin na ja mata shi har wuya. Na ce da ƙarfi, yadda na saba, "Adda, zan je gida in dubo yara." Na fita, na taka baranda har ƙarshe, na zagaya na zauna.

Na daɗe ban ji komai ba. Sannan na ji muryarta ƙasa-ƙasa, ban kama abin da ta ce ba, na ji Iya ta amsa. Sai nishin ya dawo, a sake, mai tsawo. Iya ta fara laƙƙana mata kalmar shahada, tana maimaitawa a hankali. Iska ta taso tana kaɗa zannuwan da na shanya, ban tashi na kwashe ba. Can sai na lura muryar Iya kaɗai nake ji.

Ta fito ta zagayo inda nake, ta tsuguna da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta ce, "Sai haƙuri, Malama. Ta cika da kalma." Muka yi mata addu'a. Na ce, "Na ji ta yi magana bayan na fita. Me ta ce?"

Na so ta yi mini ƙarya. Da ta ce albarka ta sa mini, da na karɓa na riƙe har in mutu, ko da na san ba haka ba ne. Iya ta kalli magudanar ruwa ta ce, "Tambaya ta yi ko kin yi nisa."

"Me kika ce mata?"

"Na ce kin yi nisa."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce in zo in ga fuskarta kafin mazan su iso, don ana jiran gadon.